Sai Siminti Ya Kama

"Ku ɗauka," in ji Malama. "Amma da ni a kai."

Tana kwance a ƙarƙashin rumfar kwanon da ke tsakar gidanta, a kan benci huɗu da aka haɗa aka shimfiɗa musu katifa. Sauran huɗun ta sa an ɗaure ƙafafunsu da igiyar shanya, ƙarshen igiyar kuma yana naɗe a wuyan hannunta. Likita ya riga ya sallame ta tun makon da ya wuce, irin sallamar da ba a ba mutum ranar dawowa.

Jami'in da ƙungiyar agaji ta turo yaro ne matashi mai gogaggiyar riga, rungume da fayil. Motar kwasar kaya na ƙofar gida, direba bai ma kashe ta ba. Da jami'in ya hango ni ina leƙe ta kan katanga, sai ya yi ajiyar zuciya kamar ya ga ɗan'uwa.

"Yallaɓai, don Allah ka yi mata bayani. Aikin ya rufe. Kayan ƙungiya ne."

"Shi zai yi min bayani?" in ji Malama. "Mai Rahoto, sauko ka shigo ta ƙofa kamar mutum."

Haka take kirana tun shekarar da ƙungiyar ta ɗauke ni in rubuta mata rahoton ƙarshe. Shafi arba'in na rubuta, mai taken darussan da aka koya. Darasi na farko shi ne a riƙa tuntuɓar jama'a. An buga shi a takarda mai sheƙi, ban kuma san wanda ya karanta ba, ban da Malama, wadda ta gyara min kurakurai shida da jan biro.

Asalin maganar gajere ne. A ƙarshen layinmu akwai filin buga bulo, inda yara ke jan ruwa, suna dakon yashi, suna jera bulo a rana. Ƙungiya ta zo ta ce za ta raba su da aiki ta hanyar ilimi. Ta ɗauki Malama, wadda ta yi ritaya daga koyarwa, ta kawo benci takwas, ta sa aji ƙarfe takwas na safe. Ƙarfe takwas kuwa shi ne lokacin da ake kwaɓa siminti kafin rana ta yi zafi. Wata guda Malama tana koyar da benci. Sai ta mayar da ajin ƙarfe uku na yamma ba tare da ta nemi izinin kowa ba, yara ashirin da tara suka cika rumfa. Amma a dokar aikin, yaron da bai bar aiki gaba ɗaya ba, ba a ƙidaya shi a ɗalibi. Don haka a takarda ajin Malama babu kowa, bencin kuma zaman banza suke yi, za a kai su wata unguwa inda aka buɗe sabon aiki, da ƙarfe takwas na safe.

Jami'in ya dubi igiyar, ya dubi kumburarriyar ƙafarta, ya rufe fayil.

"Ba komai, Mama. Za mu dawo idan kin samu sauƙi."

"Faɗi gaskiya, ɗan nan. Idan na mutu."

Direba ne ya yi dariya, sannan ya mayar da ita tari.

Ƙarfe uku yaran suka zo, ƙafafu fari fat da ƙura, suka wanke hannu a bokitin bakin ƙofa kamar kullum, suka zauna a ƙasa tunda bencinsu ya zama gado. Malama ta kira Tsinke, yarinya 'yar shekara goma sha uku, siririya kamar sunanta, wadda ke jan ruwa a filin bulo tun tana shekara takwas, kuma ita ce ta fi kowa karatu a ajin.

"Idan suka kwashe, a ƙasa za ku zauna. Wanda ya wuni a tsugune ba zai zo ya sake tsugunawa don haruffa ba. Mako biyu za ku watse. Ko ƙarya na yi?"

"Gaskiya ne, Malama."

"Fasassun bulon da ake zubarwa a bayan fili, za su yi benci?"

Tsinke ta dubi tsawon rumfar da ido irin na wanda ya san aiki. "Za su yi. In mun kakkaɓe buhunan da aka juye, za mu tara siminti."

"Kwana nawa?"

"Uku gini. Bakwai ban ruwa, safe da yamma, kafin ya kama. In an hau kafin nan zai tsage."

"Goma ke nan," in ji Malama. Ta rufe ido. "To, zan yi goma."

Da safe yaran suna wurin aiki, saboda haka ban ruwan safe ya faɗo kaina. "Digirinka zai iya riƙe bokiti?" Malama ta tambaye ni. Na ce za mu gwada.

Haka na ga abin da ban sa a rahoto ba: yara suna gina wa aikin hana su aiki kujeru, bayan sun tashi daga aiki. Kowa zai shigo da rabin bulo a ka, wasu da ƙullin siminti a leda. Awa guda karatu, Malama na kwance tana jefo tambaya, Tsinke na rubutu a allo. Awa guda gini.

Rana ta biyu Mai Bulo, mai filin, da kansa ya zo, ƙaton mutum mai tawul a kafaɗa, ya ce an ce masa ana kwashe masa kaya.

"Sharar da kake zubarwa ce kayan?" in ji Malama. "Ashe yaran nan sun rage maka aiki. Ka gode musu."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai idonsa ya faɗa kan layin farko da aka ɗora. Ya tsaya. Ya karkata kai.

"Wa ya ja wannan? Kai, wannan maciji ne ko benci? Kada a je a ce a wurina kuka koya!"

Ya karɓi igiya ya ja layi, ya rushe bulo uku ya sake ɗorawa, yana zagi ƙasa-ƙasa. Kafin ya fita Malama ta ce daga yau ya riƙa sakin yaran ƙarfe biyu. Ya ce ba zai yiwu ba. Ta ce maganar mai mutuwa ce, ya je ya kwana da ita. Biyu da rabi ya riƙa sakinsu.

'Yarta, wadda ta baro gidanta ta zo jinya, ba ta ga abin dariya a cikin wannan ba.

"Inna, don girman Allah ki bari a mai da ke ɗaki. Kwanon nan zafi yake. Katako ne fa, ba mutum ba."

"In na tashi, kafin ki gyara min filo sun loda."

"To su loda mana! Ke za ki tafi da su ne?"

"Zo ki fifita ni, ki daina wa'azi."

Ta fifita ta tana kuka. Daga baya ta samo tsofaffin buhuna ta jiƙa ta shimfiɗa a saman kwanon. Ba ta sake maganar ɗaki ba.

Rana ta shida jami'in ya dawo, wai gaisuwa ya zo, da lemo a leda. Motar dai tana waje. Malama ta buɗe ido ɗaya.

"Ina nan."

"Mama, wallahi ba haka ba ne."

"Ajiye lemon. Ka gaida manyanka, ka ce ina neman ƙarin wa'adi. Ai sun saba bayarwa."

Ya ga layuka huɗu na sabon gini lulluɓe da jiƙaƙƙun buhuna, ya tambaye ni mene ne. Na ce masa gudummawar jama'a ce. Ya rubuta.

Daga rana ta takwas ta daina cin komai. Ruwa kawai, a cokali. Muryarta ta koma kamar ana goga takarda, sai Tsinke ta kai kunne ta ji tambayar, sannan ta maimaita wa aji da ƙarfi, har da tsawar. Kowace safiya idan na shigo da bokiti, Malama za ta ɗaga yatsu ta nuna min kwanakin da suka rage. Igiyar ta yi mata yawa a hannu, 'yarta ta ƙara mata naɗi ɗaya.

Rana ta goma, da ƙarfe uku, Tsinke ta yaye buhunan. Yaran suka tsaya cirko-cirko, babu wanda ya yarda ya fara zama. Leɓen Malama ya motsa. Tsinke ta sunkuya, ta ɗago tana danne dariya.

"Ta ce a ɗora Mai Rahoto. Shi ya fi nauyi."

Na zauna. Na tashi na sake zama da ƙarfi. Aka sa ni na bi layi huɗun ɗaya bayan ɗaya, yara ashirin da tara suna kallon bayana da matuƙar kulawa. Ko tsaga babu.

"Ya kama, Malama!"

Ta miƙa wa 'yarta hannu. Aka kwance igiyar. Ta yarda aka ɗauke ta zuwa ɗaki, ta kwanta a gadonta, washegari da hantsi ta cika. A duk ayyukan da na rubuta wa rahoto, wannan kaɗai na sani ya ƙare a kan lokaci.

Bayan kwana uku motar ta dawo. Jami'in ya yi ta'aziyya da gaske, na ga idonsa. Aka loda benci takwas, kowanne da lambarsa a jiki. Saura wanda zai sa hannu a takardar miƙa kaya. 'Yar Malama ta ce ba ita aka ba ba. Ni ma na ce ba ni ba ne. Tsinke ta goge hannu a zane ta karɓi takardar.

"Nan za ki dangwala," in ji jami'in, yana laluben tawada.

"Bari in karanta tukuna, Yaya."

Ta karanta shafi biyun a bayyane, kalma bayan kalma, shi yana tsaye a rana, direba ya kashe mota ya jingina yana saurare. Da ta zo inda aka rubuta adadin ɗalibai, sifili, sai ta ɗaga kai ta dubi yaran da ke zaune a layi huɗu, ta dube shi. Ta karɓi biro ta rubuta sunanta cikakke, a hankali, har ya ɗan haura layi.

Kafin jami'in ya fita ya sa ƙafa ya taɓa bencin siminti na gaba, kamar mai gwada ko zai motsa.

Washegari da safe na tsinci kaina a tsakar gidan riƙe da bokiti, babu wanda ya aike ni. Rumfar shiru, allo na ɗauke da lissafin jiya da rubutun Tsinke. Na zuba ruwan duk da haka. Simintin ya daina sha. Ruwan ya gangara ta gefe, ban da ɗan kaɗan da ya tsaya a ƙarshen layi na biyu, inda wani ƙaramin hannu ya dafa tun ginin yana ɗanye.