Ƙaramar Tsirkiya

"To ka zauna. Ka zauna har furfura ta fito maka kana bayan Baba kana amshi."

"Yaya, rage murya."

"In rage don wa? Don shi?" Ya nuna tsakar gida da haɓa. "Ko tirela na tayar a nan ba zai waiwayo ba."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi min ciwo. Baba yana zaune a kan tabarma, ya ba mu baya, yana yanke farcen hannun hagu da reza. Gurminsa na jingine da bango, daidai inda rana take fara sauka. Mu kuma muna bakin ƙofa, ni da Yaya, kamar ɓarayi biyu da rabo ya haɗa faɗa.

Yaya direban babbar mota ne. Ya samo min aiki a siton kamfaninsu, a wani gari mai nisa. Sun ce suna son wanda ya gama sakandare, ya iya lissafi, ba ya shaye-shaye. Motarsa za ta tashi ranar Litinin da safe. Ni kuma na ce ba zan bi ta ba.

"Faɗa min dalili ɗaya," in ji shi.

"Ka san dalilin."

"Na sani. Kana yi wa tsoho ƙarya da yatsunka, ka sa mata suna biyayya."

Na kau da kai. In na buɗe baki abin da zai fito ba na ƙani ba ne.

Gurmin Baba tsirkiya biyu gare shi, babba da ƙarama. Kowace an ɗaure ta da zoben fata a jikin sandar. Ka tura zoben sama, tsirkiya ta ɗame. Ka sauko da shi, ta saki. Tsakanin daidai da ba daidai ba bai kai kaurin farce ba. Tun bara kunnen Baba ya fara tafiya. Babbar tsirkiya yana jin ta har yanzu, ina zaton a ƙirji take dukansa. Ƙaramar ce ta ɓace masa. Sai ya saita ta ya bar ta a sake, ya gyaɗa kai kamar ta yi.

Mutumin da makaɗa suke kawo wa kayansu ya saurara ya ce musu nan ne kuskuren. Wa zai kalli idonsa ya gaya masa?

Ni dai ban iya ba. Abin da na iya shi nake yi.

Yau Asabar, ranar wasa, kuma Asabar ɗin Baba ba ta canzawa. Da safe gurmi ya sha rana, don fatar ta ɗame. Ya yanke farcen hagu, ya bar na yatsan dama da yake kiɗa da shi, ya goge shi da dutse har ya yi santsi. Ba ya shan ruwan sanyi. Ba ya magana sai bayan azahar, wai murya ma tana da awo, in ka kashe ta a hira ba za ka same ta a fili ba. Komai da hannu yake nunawa. Inna takan ce, "Asabar ranar hutuna ce. Da ma a ƙara mana Laraba." Rigarsa shi yake goge ta da kansa, bai yarda da hannun kowa a wuyan riga ba. Sai mai aski ya zo. Bayan aski ya ɗauki gurmi ya saita. Ya jingine shi, ya shiga wanka.

Wankan nan shi ne nawa. Da na ji ƙarar bokiti sai in ɗauki gurmin, in shiga da shi bayan ɗakin girki, in taɓa ƙaramar tsirkiya a hankali, in tura zoben kaɗan. In mayar da shi yadda ya bar shi, har karkatar. Da yamma mu fita wasa, mutane su ce hannun tsoho sai ƙara zaƙi yake.

In na bi motar Yaya, Asabar mai zuwa wa zai ji ƙarar bokiti?

Mai aski ya zo da akwatinsa da surutunsa. Ya san Baba ba zai amsa ba, shi ya sa yake sakewa.

"Mai gurmi, kanka fa ya kusa daina ba ni aiki. Nan gaba sai dai in zo in goge maka shi da tsumma."

Baba ya ɗaga masa yatsa, alamar zai rama gobe. Inna ta yi dariya daga ɗaki.

Aka gama aski. Na jira ya miƙa hannu ga gurmi. Bai miƙa ba. Ya tashi, ya kaɗe gashi daga kafaɗa, ya ɗauki bokiti ya shige wanka.

Na tsaya. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin ya sauya wannan tsari ba. Gurmin yana nan tsirkiyoyinsa a sake tun makon jiya. In na saita shi gaba ɗaya zai gane. Na leƙa Inna. Ta duƙufa tana tsintar wani abu a faranti wanda ba ya bukatar tsinta.

Ya fito, ya sa riga, ya shafa turare, ya zauna. Sannan ya ɗauki gurmin. Ya saita babba, ta yi. Ya taɓa ƙarama, ya tura zobe, ya gyaɗa kai. A sake take. Daga inda nake tsaye na ji ta kamar ƙofar da ba a rufe sosai ba. Ya zura shi a jakarsa, ya rataya a kafaɗa.

"Baba, kawo in riƙe maka."

Ya kalli bakina. Na sake faɗa da ƙarfi. Azahar ta wuce, don haka ya amsa.

"Tun yaushe, Auta? Kafaɗata ce ta karye?"

Yaya ne ya kai mu a ƙaramar motar abokinsa. Baba a gaba, jakar a cinya, ya ɗora mata hannu biyu. Ni da Gajere mai kiɗan ƙwarya a baya. Yaya ya kalle ni ta madubi. Ya mayar da ido kan hanya. Ya raga min.

Ƙungiyar malaman makaranta ce take sallamar waɗanda suka ajiye aiki. Babban ɗaki, kujerun roba, fankoki suna juyawa a kasale. Tsofaffi a gaba, kowa da tabarau. Irin mutanen da suka taso da muryar Baba a rediyo, suka san kowace waƙa tun daga taɓin farko. Mafi munin waɗanda za a yi kuskure a gabansu.

Muka zauna a kan darduma. Mai na'ura, wani saurayi da waya a wuya, ya kafa lasifika ɗaya a bakin Baba, ɗaya a cikin gurmin. Baba ya zaro shi, ya gyara zama, ya taɓa.

Na'ura ba ta san kunya ba. Ta ɗauki sakin nan ta watsa shi har bangon ƙarshe. Gajere ya sunkuyar da kai yana shafa ƙwaryarsa. Wani tsoho a layin gaba ya karkata kai. Mai na'ura ya shiga murɗe-murɗe, yana zaton laifinsa ne.

Baba ya sake taɓawa. Ba tsirkiyar yake kallo ba. Fuskata yake kallo.

Sai ya juya gurmin, ya miƙo min shi da hannu biyu.

"Gyara," ya ce. Lasifika ta ɗauka. "Kamar yadda ka saba."

Ban san sanda na karɓa ba. Ɗakin ya yi tsit, sai fanka. Hannuna ya san hanya. Na taɓa, na tura zoben, na sake taɓawa. Ƙaramar ta hau kan babbar ta zauna. Na mayar masa, kaina a ƙasa.

Ya matso da baki kusa da lasifika.

"Malamai, ku kun ajiye alli yau. Ni kunne na ajiye, tun bara. Ban yi taro ba, ba a ba ni kyautar agogo ba." Aka yi dariya. "Wannan autana ne. Duk kiɗan da kuka yaba min shekara guda, da kunnensa kuka ji shi. Yana zaton ban sani ba. Ya manta hannun da ya ajiye zobe ya san inda ya bar shi."

Wata tsohuwa ta ce, "Allah ya yi masa albarka!" Aka amsa da amin. Ni dai darduma nake kallo, akwai ƙonuwar sigari a gefenta.

Sai ya fara.

Ban taɓa jin ya yi kiɗa irin na ran nan ba. Ya ja waƙar mai kwale-kwale, wadda ya yi tun kafin a haifi Yaya. Muryarsa ta fito a buɗe, kamar wanda ya sauke kaya daga ka. Da ya kai inda zan amsa, na ga idonsa ya sauka kan diddigena. Nan na gane. Ba amshina yake ji ba, ƙafata yake bi. Tun yaushe, Allah ya sani. Na buga diddigen da kyau, na buɗe murya. Gajere ya shigo da ƙwarya kamar an sake shi daga ɗauri. Tsohon da ya karkata kai ya cire tabarau yana goge ido, bakinsa na bin baitin. Can baya, kusa da ƙofa, Yaya yana tsaye ya harɗe hannu. Da aka zo amshi na uku na ga leɓensa ya motsa.

A hanyar gida ba wanda ya tayar da maganar. Gajere ne kawai ya ce, "Baba, yau ka kashe mu." Baba bai ji ba, ko ya yi kamar bai ji ba. Yanzu ban ƙara sanin wanne ne wanne ba.

Lahadi ranar sakewarsa ce. Ba riga mai guga, sai tsohuwar singileti. Ya watsa wa tantabarunsa hatsi, ya kira su da sunayen makaɗan da suka yi zamani tare, har da wadda ya sa wa sunan abokin hamayyarsa don ta fi kowa ci. Ya wanke hularsa ya kifa ta a kan tulu. Ya manna rediyo a kunnen dama yana gardama da mai labarai. Maganar da ya tara jiya duk yau yake biyan ta, Inna tana cewa, "Wayyo, Asabar, dawo."

Da hantsi Yaya ya shigo da wata jaka sabuwa, baƙa, ya ajiye ta a bakin ƙofar ɗakina. Babu komai a ciki. Bai dube ni ba.

"Baba ya riga ya faɗa wa duniya," na ce masa. "Yanzu ba ɓoyo. Ni zan riƙa saita masa a fili."

"Auta," in ji Baba. Bakina yake kallo tun ɗazu. "Ɗauko min gurmi."

Na ɗauko. Ya sauko da zobban biyu har ƙasa, tsirkiyoyin suka kwanta kamar igiyar shanya.

"Innarku ta gaya min maganar sito. Jiya na ba ka shi a gaban mutane don su san ka, ba don in ɗaure ka ba." Ya shafa sandar. "Maigidana da ya koya min, da ya tsufa, wani abu yake yi muna dariya a bayansa. Duk Lahadi in ka tafi ƙwallo ina gwadawa. Ban nuna wa kowa ba, don abin ba kyan gani."

Ya ɗaga gurmin, ya sa ƙarshen sandar tsakanin haƙoransa, ya cije. Ya rufe ido, yana sauraron sautin ta haƙori tunda kunne ya ƙi. Ya taɓa babba, ya tura zobe, ya taɓa. Jijiyar wuyansa ta tashi. Ya koma kan ƙarama. Ya taɓa, ya tura, ya wuce, ya dawo da shi kaɗan. Yawu ya gangaro a jikin itacen, bai damu ba. Inna ta fito da ludayi a hannu ta tsaya. Tantabara ɗaya ta sauka a gefen tabarma.

Ya daɗe. Sannan ya cire sandar daga baki, ya goge ta da gefen singileti, ya ɗora gurmin a cinya. Ya taɓa su biyun tare.

Daidai. Ko ni ban taɓa zaunar da ita haka ba. Sautin ya tsaya a tsakar gidan, tsaf, ba inda ya karkata. Na rasa inda zan sa idona. Na kalli tsohon nan da shatin itace a leɓensa. Na kalli baƙar jakar a bakin ƙofata.

Baba ya dubi Inna, ya dubi Yaya, ya tsayar da ido a kan bakina.

"To, Auta? Ta yi?"