Ƙwayar Lemo a Ruwan Murjani

…kuma ai bitamin C ne. Bitamin C dai, wanda take miƙa wa masu jego da masu mura a asibiti ba tare da ta ko juya kwalin ba. To me ya kawo wannan? Ruwan da jiya ake hango yashin ƙasansa tar, yau ya koma kamar ruwan wankin shinkafa. Rabi'atu na tsaye a tsakiyar falo da farin kayan aiki a jikinta, daga aikin kwana take, ko takalmi ba ta cire ba. Tankin gilashin da ya cinye bango guda yana ta gurnaninsa. Kifayen nan biyu masu ruwan goro sun taso sama suna haki. Murjanin kuwa duk sun tsuke baki, sun zama ƙuraje a jikin dutse.

Murjani. A Gyaɗi-Gyaɗi. Ita murjanin da ta sani na wuyan kakarta ne, ja, a zare. Wa ya gaya mata abu ne mai rai, mai baki, mai yin fushi? Wai dabba ne. Wai sai ruwan gishiri irin na teku, sai sanyi daidai wa daida, sai shuɗiyar fitila… a Kano, inda ruwan famfo ma sai ya ga dama. Mutum ya je kwas Mombasa, an sa masa gilashi ya leƙa ƙarƙashin ruwa, shi ke nan — ya dawo gida da teku a ka.

Ga shi nan a bayanta. Ba za ta juya ba. Ta san idonsa biyu. Malam Lawan, mijinta, a kan gadon da aka fito da shi falo tun da aka sallamo shi, ɓarin dama a shanye, baki a karkace, magana ta tafi. Hannun hagu kawai ya rage masa, da zoben azurfa, da ƙarfen gado. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Ta ji. Ta ji mana. Da ido take gani ita ma.

Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ɗakin gwaje-gwajen asibiti yana auna jinin jama'a. Kullum kafin ya karya kumallo, ga 'yan kwalabe a jere, ɗigo-ɗigo, ya ɗaga wa hasken taga yana kanne ido: gishirin ruwa, tsamin ruwa, zafin ruwa. Ruwan nan bai taɓa yin atishawa bai sani ba. Amma jininsa? Har kan gado take kai masa abin awon hawan jini, ya janye hannu yana dariya — "Sista, a bar aikin asibiti a asibiti." Dariya. Ƙwayar hawan jini a aljihun kaftani, sai dai wanki ya narkar da ita, ta tarar da farin tabo. Amma garin bitamin C na murjani? Ko ranar Sallah. A narka a kofi, a tsiyaya a hankali a gaban injin da ke kaɗa ruwa, safe da yamma. Wai yana sa su buɗe, wai yana tsayar da masu narkewa, wai yana fito da launi. Wai. Shi da bakinsa ya ce ba kowa ne ya yarda yana aiki ba, masu kiwon ma gardama suke yi. Maganin da ake gardama a kansa, ga dutse, ba fashi. Maganin da duk duniya ta yarda da shi, ga kansa…

A nan ya faɗi. Nan, inda take tsaye. Tana ɗakin masu haihuwa maƙwabciya ta kira, ta fito da safar hannu ba ta cire ba, mai adaidaita yana tambayarta ina za ta, ta kasa faɗin sunan unguwarsu. Kofin yana ƙasa bai fashe ba. Shi ne ya fashe. Da ya farfaɗo a gadon asibiti ya ɗaga hagu yana zana wani abu a iska, ta zaci Alƙur'ani yake nema, ta zaci 'yarsu Rukayya da ke makaranta a Zariya, ta ma zaci — wauta — ita yake nufi ta matso. Kusurwa huɗu yake zanawa. Tanki.

Ƙwas. Ƙwas.

Yayarsa Hajiya Balaraba ta taso daga Darmanawa da kunu a filas da shawara a baki: a fitar da abin nan, shi ya ɗauke masa hankali, gidan mutum ba gidan zu ba ne. Ta sha lemo, ta yi addu'a, ta tafi. Wa ke juya shi kada bayansa ya yi gyambo? Wa ke goge masa? Ƙaninsa Haruna, Allah ya saka masa, yana kwana da shi in tana aiki, da asuba ya wuce kasuwa. Sauran nata ne. Kuma da ta bi ta Hajiya, wallahi da ta bi. Ta ma fara tunanin inda za ta jera kujeru in bangon ya dawo nata. Sai mai gashin ƙashi da ke zuwa motsa masa gaɓoɓi ta ce a'a, Sista, kada ki taɓa — in an kunna shuɗiyar fitilar nan ne kaɗai yake yunƙurin ɗaga wuya, saboda ita yake yarda a zaunar da shi. To. Tankin ma magani ne ke nan. Majinyata biyu a falo ɗaya, dukansu ba sa magana, dukansu ita suke kallo.

Garin bitamin ɗin ya ƙare. Ina laifinta in gari ya ƙare? Benedict, ɗan Sabon Gari da ya koma Legas yana sayar da kayan kiwon kifi, shi ke aiko masa a motar haya, ya ce saƙo na hanya. Na hanya, na hanya. Murjanin suna ta tsukewa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana ta ƙwanƙwasa, ya ƙi cin abinci, ya kawar da kai daga cokali kamar yaro. Me za ta yi? Ta tsaya kemis ɗin bakin titin Gidan Zu ta sayo ƙwaya irin ta tsotsa, mai ɗanɗanon lemo. Bitamin C ne ko ba shi ba ne? A jikin kwalin aka rubuta. Ta murƙushe da bayan cokali, ta ƙara da yawa don ramakon kwanakin da aka yi babu, ta zuba jiya da yamma tana saurin fita aiki. Yana ta dukan ƙarfe a lokacin, da ƙarfi, har gadon na motsi, ta ce masa ba tare da ta waiga ba, "Ga shi ina zubawa, Malam, sai ka bar ni in sha iska."

…Ba gaggawa yake yi ba. Hana ta yake yi.

To ta ina za ta sani? Ƙwas na "yi" da ƙwas na "bari" duk ƙwas ne. Da yana son a fahimce shi ai da ya haɗiye ƙwayarsa. 'Yar mitsitsiyar ƙwaya, da kurɓin ruwa. Kuma ya kwana yana kallon ruwan yana yin fari a hankali, Haruna na munshari a kan tabarma, ba bakin tashinsa… A'a. Ba za ta tausaya ba. Ba yanzu ba. In ta fara ba za ta iya ɗaukar bokiti ba.

Muryar Benedict har yanzu tana kunnenta, daga kiran da ta yi ɗazu da shigowarta: "Hajiya, mai zaƙi kika sa? Ai akwai sukari da kala a ciki, ga tsami. Ƙwayoyin cuta sun samu abinci, sun cika ruwan, suna shanye iskar. Ki rage ruwan yanzu, ki zuba sabo, kamar —" Layi ya yanke. Kamar me? Kamar nawa? Ta sake kira, wata mata tana ba ta haƙuri da Turanci.

Shuɗiyar duro tana baranda, cike da ruwan gishirin da ya haɗa da hannunsa kafin ya faɗi, ɗan injin ciki yana ta juya shi. Wannan ma ya tanada. Komai ya tanada, ban da kansa. Ga tiyo a rataye a ƙusa. Ta ga yadda yake yi: baki ɗaya a tanki, ɗaya a bakinka, ka zuƙa. Ta zuƙa — gishiri, ƙarni, wani ɗan zaƙin lemo a can ƙarshe — ta tofar a kan tayil, idonta ya kawo ruwa. Gishirin ne. Gishirin ne kawai.

Ruwa na zuba a bokiti. Ya cika, ta toshe tiyo, ta ja shi tsakar gida, ta juye a magudana, ta dawo. Bayanta. Ƙafafunta da suka kwana a tsaye. Wata mata ta haifi tagwaye a hannunta kafin asuba, mijin yana ta godiya har da hawaye, ita kuwa ga ta nan tana jinyar dutse. Wani bokitin. Ruwan yana sauka a jikin gilashi, yana barin farin layi. Idan ta ƙyale fa? Idan kawai ta saki tiyon nan ta zauna? Ba ta fasa komai ba, ba ta zubar da komai ba — gajiya ce, kowa ya san daga aiki take. Ya tsiyaye har ƙasa. Gurnanin nan ya mutu, falo ya yi shiru, ta ji yadda gidanta yake in ba teku a ciki. Sannan ya kalli me? Bango? Ita? In ya kalle ta ɗin, da wane ido?

Murjanin da ke saman dutse sun kusa fitowa iska. A ina ake tsayawa? Ba wanda ya gaya mata a ina ake tsayawa. Ba a tanki ba, ba a…

Ƙwanƙwasar ta daina.

Yaushe ta daina? Ta juya da tiyon a hannu. Yana nan. Yana numfashi. Jijiyar wuyansa ta miƙe, leɓen da ke da rai yana rawa, harshe na faman ɗaga wani abu mai nauyi. Yawu ya gangaro gefen gemu.

"Ra… bi."

Kalmar farko. Tun ranar kofin, kalmar farko.

Rabi. Rabin ruwan — ta tsaya a rabi, abin da Benedict bai ƙarasa ba ke nan, kuma ga shi ruwan ya kusa kai tsakiyar gilashi. Ko kuwa… Rabi. Ba ya kiranta haka. Rabon da ya kira ta haka tun suna ɗaki ɗaya na haya a Babban Giji, lokacin da ba su da abin kallo sai juna. Tsakanin kalmomin biyu ɗan jan murya ne kawai, kuma shi wannan harshen ba ya iya ja, ba ya iya gajartawa. Idonsa fa? Idonsa na nan wajenta, amma ita ce a tsaye daidai tsakaninsa da tankin. Taku ɗaya gefe, za ta ga inda idon zai bi.

Taku ɗaya ne.

Ta danne bakin tiyon da babban yatsa. Ruwan yana turo ta, mai ɗumi, yana neman hanya ta gefen farce. Ba ta matsa ba. Ƙafafun ne suka gaji… ƙafafun ne.