Wanda Ba Ya Cikin Hoto

Tana cikin cire ɗankunne a bakin na'urar bincike ta ofishin biza yayanta ya cusa mata ambulan a jaka.

"Ki nuna musu wannan, Malama. Kar taurin kan nan naki ya ja mana asara."

Ta san abin da ke ciki. Hoto ne da wani mai shagon kwamfuta ya haɗa, ita da mijinta a bakin teku, ya dafa kafaɗarta. Ita kuwa ko a mafarki ba ta taɓa ganin teku ba, kuma hannun da ke kafaɗar ya fi na mijinta haske.

Laifinta ɗaya, ta auri mai hoto. Sana'arsa ke nan tun kafin ya samu aiki a ƙasar waje, kuma babu abin da ya tsana irin a juyo masa da kyamara. Ranar aurensu ma bai yarda da hannun kowa ba. Ya kafa kyamarar, ya saita ta ta ɗauka da kanta, ya sheƙo da gudu, sai ta ɗauki amarya tana dariya da gwiwar hannun ango. Bayan biki ya koma bakin aikinsa, ya bar ta da hotuna cike da akwati, babu shi a ko ɗaya. Yanzu masu ba da bizar da za ta kai ta wurinsa suna neman shaidar cewa auren na gaske ne.

Da layi ya zo kanta, jami'ar da ke bayan gilashi ta duba takardar aure, ta juya hotunan ɗaya bayan ɗaya.

"Duk ke kaɗai ce a nan. Babu ko ɗaya da kuke tare?"

Hannun Malama ya shiga jaka ya taɓa ambulan. In aka hana ta yau, sai ta koma farko, ta sake shekara tana hira da miji ta waya. Tsoro ya kama ta ƙwarai. Sai kuma haushi ya taso ya danne shi. Da aurenta na halak za ta tsaya tana kare shi da tekun ƙarya?

"Babu, ranki ya daɗe."

"Kin san akwai masu shirya auren bogi don biza."

"Na sani. Ai su ne masu kyawawan hotuna."

Ta zaro ɗaya ta manna a gilashin.

"Dubi wannan. Barci nake, baki buɗe, kitso rabi. Ke mace ce kamar ni. Wane baƙo ne zai ɗauke ni haka ya kwana lafiya?" Ta manna wani. "Wannan a barandar asibiti ne, ranar da mahaifiyata ta rasu. Sai da na yi sati ba na yi masa magana saboda hoton nan. Kina tambaya ina yake? Yana tsaye a gabana a kowanne. A wannan ma shi nake harara."

Jami'ar ta daɗe tana kallon na asibitin, ba ta yi murmushi ba. Daga baya ta ajiye fasfon a gefenta.

"Za ki ji daga gare mu. Ban yi miki alkawarin komai ba."

"Ba alkawari na zo nema ba. Mijina zan bi."

A waje ta miƙa wa yayanta ambulan, ko buɗe shi ba a yi ba.

"Ka ajiye, Yaya. Tekun ya yi kyau."

Ya dafe kai yana salati, ya ba ta wayarta da ke ta ƙara a aljihunsa. Kiran bidiyo ne daga mijin.

"Ka ja mini, Mai Hoto," ta ce. "Yau na sha kunya saboda kai."

"Tsaya haka, kar ki motsa," ya ce. "Hasken nan ya zauna a fuskarki."

Ta yi tsaki. Can sai ga hoton da ya ɗauka na allon wayarsa ya shigo. Ga ta ta cika shi, ido jajur, ɗankwali a karkace. A lungun sama kuma, ɗan mitsitsi, ga shi nan da kansa, ya manta yana ciki.

Ta adana kafin ya farga ya goge, ta juya ta ƙwanƙwasa ƙofar mai gadi.

"Malam, buɗe mini. Na yi mantuwa, saura hoto ɗaya ban nuna ba."