Damtsen Rabo

Rabo na Azarori namiji ne har namiji, sai dai damtsensa. Tun yana yaro wasu ƙananan ƙuraje suka mamaye shi daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, ba zafi ba ruwa, sai kaushi kamar bayan ƙadangare. Abokan wasa har cewa suke ya ara musu su kankare ƙwarya.

Amma ƙurajen nan sun taɓa yi masa rana. Shekarar da Nasara suka zo ɗibar soja a Madawa, likitansu ya shafa hannun, ya yamutsa fuska, ya ce a kore shi kada ya shafa wa bariki. Rabo bai gaya wa kowa dalili ba sai uwarsa. Ya bar gari na cewa layarsa ce ta yi aiki.

Matarsa Biba ba ta san wannan ba, ita dai tsiyar da ake mata a bakin rijiya kan damtsen mijinta ce ta ishe ta. Ta ɗaura ɗamara. Kullum ruwan ɗumi, soso da sabulun salo, sannan ta bi da man shanun da take musanyawa da gero wurin Ramatu mai nono. Gogan naka sai dai ya miƙa hannu, don wa ya ƙi a shafa shi? Kafin kaka damtse ya yi sumul, har sheƙi yake.

Sai ga shela: yaƙi ya yi zafi, kowane ƙato ya hallara Madawa.

Uwar Rabo ta kama hannun ɗanta ta duba, ta rafka salati.

"Ke ɗiyag ga, mi kiy yi mishi? Abin da yah hana su tahiya da shi kig goge!"

Nan ta kwashe labarin likitan ta gaya wa Biba. Waɗanda aka ɗiba bara har yau ko labarinsu babu. Ta yi kukanta ta share, ta ɗauki kwando ta nufi masussuka, ta ciko shi da ƙaiƙayin gero.

"Miƙo, Maigida. Ni nag gyara, ni za ni ɓata."

"Wayyo Biba, a hankali!"

"Inna, riƙe min shi!"

Suka dirje shi tas. Rabo ya tafi Madawa yana susa yana tsalle, damtse ya yi ruɗu-ruɗu. Likita ko taɓa shi bai yi ba, daga nesa ya nuna masa hanyar gida.

Ya dawo da la'asar, ya zube kan tabarma, ya miƙa hannu.

"Biba, taimake ni da ɗan man nan."

Tana kallonsa ta juye man a tukunya, ƙamshi ya tashi.

"Man ga na miya na, Maigida. Baɗi ma suna dawowa."

Ta zo ta zauna kusa da shi, ta kama damtsen nan mai kaushi da hannu biyu, ta ƙi saki.