Harsashin Godiya

Godiyarsu Biskit ta karya ƙafa tun da sassafe, a wani rami bayan shingen arewa, amma har rana ta ɗaga Orval yana zaune a teburin kicin yana zaɓen harsashin da zai raba ta da wahala.

Darlene, matarsa, ta tsaya a bakin ƙofa da takalmin roba duk taɓo. Lokacin haihuwar shanu ne a jihar Montana, rabonta da cikakken barci har ta manta. Ta riga ta kira likitan dabbobi, ya ce ruwa ya cinye gada, ko ya iso ma babu abin da zai yi wa ƙashin da ya fasa fata ya fito. Biskit dai tana kwance can, tana ta ƙoƙarin tashi tana faɗuwa.

Orval ya jera kwalayen harsashi a kan tebur, ya saka tabarau. Tun da ya fara karɓar mujallar maharba ta gidan waya ya daina cewa bindiga, sai dai makami. Ita kuwa bindigar ta kakansa ce, irin wadda ake jan mariƙinta ƙasa ta ɗauko harsashi. Ya shiga yi wa Darlene bayanin abin da ta sani tun tana 'yar firamare: wai harsasan a jere suke cikin bututu, kan wannan a gindin wancan, don haka sai masu faffaɗan kai ake zuba mata, mai tsini idan bindiga ta girgiza yana iya tayar da na gabansa hannu ya tafi.

"To ina masu faffaɗan kan, Farfesa?"

Sun ƙare. Ya ƙarar da su a kan gwangwanayen wake ranar da 'yan cocinsu suka zo cin nama, yana nuna musu yadda ake tsayuwa. Abin da ya rage sai masu tsinin da ya haɗa da kansa a gareji, don sun fi kyau a hoto.

Ya ce zai shiga gari ya sayo na kirki. Ta tuna masa gada. Ya ce to akwai maganar nauyin harsashi, akwai kuma maganar iska. Ta ce tazarar harbin ba ta kai tsawon cokalin da ke hannunsa ba. Ya ci gaba da juya kwali yana karanta bayansa. A kan Biskit ya koya wa 'yarsu hawa, kafin yarinyar ta tafi birni ta rage kira.

Darlene ta gaji da tsayuwa. Ta ɗauki mai tsini guda, ta ja mariƙin bindigar, ta saka shi kai tsaye ta sama, ta bar bututun babu komai.

"Shi kaɗai ne, Orval. Ba shi da na gaba da zai taɓa."

Ta zari tuffa daga kwando ta fita da bindigar.

Biskit ta ɗaga kai da ta ji takunta, ta miƙo hanci wajen aljihu kamar kullum. Darlene ta ba ta tuffar, ta jira har ta gama taunawa, sannan ta ɗaga bindigar.

Da ta dawo, kwalayen suna nan yadda ya jera su, tabarau a kai, kofi ya huce. Can bayan rumbun ciyawa ta ji Orval ya tayar da motar haƙa, zai tona wa Biskit rami. Ta jingine bindigar a bayan ƙofa, ta zauna don ta cire takalmi, sai ta tuna akwai karsanar da ke naƙuda tun ɗazu. Ta mayar da ƙafarta ciki.