Kwamfutar da ke Suma a Minti na Bakwai

Wani mafarki na yi jiya da dare, amma bari in fara faɗa muku abin da na kwanta da shi a rai, kada ku ce tsufa ne kawai.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata. Da na yi ritaya, jikata Zakiyya, wadda ke karatu a ƙasar waje, ta aiko mini da kayan kwamfuta guntu-guntu. Na zauna a kan tabarma na haɗa ta da hannuna, don mu riƙa wasan tseren mota ta intanet ni da ita duk ranar Asabar. A wannan awa ɗayar kaɗai yarinyar take sakin baki ta yi mini hira. To, kwamfutar ba ta wuce minti bakwai. Sai ta ɗau zafi, allon ya yi shuɗi, ta mutu, hirar ta mutu tare da ita. Ɗana Mudassir ya ce yau Juma'a da safe zai sa ta a kwali ya kai kasuwa, in huta.

Ina rufe ido sai ga ni a cikin kwamfutar. Gari ne guda, titunansa kore shar, an ja musu layi da zinariya. Rana tsaka ake ruwa, amma daga ƙasa yake tashi sama, kowa ya kifa lema a ƙarƙashin ƙafarsa yana tafiya a kai. Na duba da kyau, na ga tsarin ya fi namu: ba wadda ɗankwalinta ya jiƙe.

Na shiga Ofishin Tunawa. Wata akuya mai tabarau ce ke riƙe da shi, tana tauna fayil a natse.

"Sannu da aiki, ranki ya daɗe," na ce.

"Malama Tasalla ce? Mun daɗe muna jiranki. Mun dai manta dalili."

Ta nuna mini wasu tsofaffi biyu dogaye sirara a kan benci. Nan take na gane su. Su ne sandunan nan biyu da kwamfuta ke riƙe tunaninta da su, waɗanda Zakiyya ke ce wa ram. A mafarkin sunansu Ladiyo da Kande. Magana suke da gudu kamar ana koran su, kowace ta fara zance sai ta rasa inda ta nufa.

"Wa ya murɗa musu gudu har dubu huɗu?" in ji akuyar, tana kallon wani maɓalli irin na tsohuwar rediyo a jikin bango.

"Ni ce."

"Wa ya ce ki yi haka?"

"Kowa ya ce gudu ya fi."

"Kowa ba ya aiki a nan. Tun bara aka sallame shi."

Na ji kunya. Ni da ko likita ya faɗi magana sai na tambaye shi wa ya auna, wannan karon na bi jama'a ido rufe. Na kama maɓallin na dawo da shi dubu uku da ɗari biyu. Tsofaffin suka sauke numfashi, suka gyara zama. Na ce bari in gwada su.

"Wa ya fasa ma'aunin zafi a aji uku, shekarar tamanin da huɗu?"

"Ke ce," suka amsa tare. "Kika ce iska ce."

"Ya isa," na ce. "Sun warke."

Sai ga ni a tsakiyar gari. A can furosesa yake zaune, wato wanda ke yin lissafin garin duka. Ɗan ƙaramin mutum ne mai kai kusurwa huɗu, an ɗora masa hasumiyar ƙarfe a ka don ta ja masa zafi. Gumi yake yi, gumin na tashi sama yana haɗuwa da ruwan. Awaki shida sun kewaye shi da mafitai. Wani bunsuru yana tsaye da ma'aunin zafi yana shela kamar mai gwanjo.

"Casa'in da biyu! Casa'in da huɗu! Yana kai ɗari zai suma, kowa ya nemi wurin zama!"

"A ƙaro fanka," in ji wata akuya.

"Shida na sa," na ce. "Ta bakwai surutu kawai za ta ƙara. Ku matsa in gani."

Na ɗaga hasumiyar. Ba nauyi, kamar faifai. Tsakanin gindinta da tsakar kansa ga wata 'yar leda garai-garai, da jan rubutu a jikinta.

Furosesa ya ɗago ido a gajiye. "Malama, kin ga rubutun nan ranar da kika ɗora mini?"

"Na gani."

"Me ya ce?"

"Ya ce a cire kafin a ɗora."

"To?"

"To me? Kujerun falona shekararsu goma sha ɗaya da ledarsu, je ka gan su kamar jiya aka sayo. Rimot ɗina ma haka. Masu yin kaya so suke kaya ya tsufa da wuri a sayi wani. Na san halinsu."

"Kujera ba ta lissafi, Malama," ya ce, cikin ladabi.

Kafin in ba shi amsa sai ga ɗalibaina na shekara talatin da ɗaya sun cika filin, duk cikin rigar makaranta, har waɗanda yanzu suke da jikoki. Suka miƙe kamar yadda na koya musu, suka haɗa baki:

"Leda ba ta barin zafi ya wuce, Malama!"

Darasina ne na zango na biyu. Har bulala na yi a kansa. Na fashe da dariya har na dafa bunsurun, shi ma ya kama dariya, ma'aunin yana rawa a hannunsa.

Duk da haka hannuna sai da ya yi nauyi. Wanda bai taɓa cire ledar sabon kaya ba, ba zai gane ba. Na yi bisimilla, na kama gefenta, na ja. Ta yi wani siririn kuka ta rabu da ƙarfen. Akuya mai tabarau ta karɓa, ta buga mata hatimi, ta cinye. Na ɗiga wa mutumin man nan mai ruwan toka, wanda ke taimaka wa zafi ya wuce, a tsakar ka, daidai ƙwayar wake, na mayar da hasumiyar.

"Tamanin!" in ji bunsuru. "Saba'in! Sittin da ɗaya!"

Furosesa ya yi hamma, ya tambaya ko akwai mai rigar sanyi ya ara masa. Ɗalibai suka rangaɗa guɗa. Ruwan ya tsaya cak a iska yana kallonmu.

Sai ga ni a cikin jar mota, tayoyinta a kan rufi, amma tana gudu lafiya lau. Zakiyya tana gefena a cikin shuɗiya.

"Iya, ki taka a hankali, kin san minti bakwai ne namu."

"Taka taki dai, 'yar nema. Yau sai kin sha ƙurata."

Ladiyo da Kande suna bakin titi suna ƙirga mana mintuna. Shida. Bakwai. Garin duka ya zuba mana ido. Takwas. Tara. Ba abin da ya yi shuɗi sai motar Zakiyya. Na sha kanta a kwana, ina tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan ina ɗaga wa awaki.

"Iya," ta ce, muryarta ta yi ƙasa, "maganar nan da nake farawa Asabar uku tana yankewa. Akwai wani a ajinmu. Ban faɗa wa Baba ba, ke nake so ki fara ji. Sunansa..."

Ƙiiiit! Ƙiiiit!

Na buɗe ido. Gari ya waye tangararan. Mudassir ne a bakin ƙofa, ya durƙusa yana jan selotef a kan kwali.

"Mudassir! Ajiye."

"Iya, ai mun gama maganar nan jiya."

"Kai ka gama. Farke kwalin nan, ka miƙo mini sukudireba da tabarauna. Gobe Asabar, kuma ban ji sunan yaron ba."