Lemon Abdulgani

Abdulgani dillalin lemo ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas, kuma ƙa'idar sana'arsa ita ce ba a sayen buhu sai an ɗanɗana. Mai saye ya zo, sai ya zaro lemo ɗaya ya raba biyu, ya miƙa masa rabi, shi ya tsotse rabi. Haka yake yi tun yana saurayi.

'Yarsa Bilkis, mai shekara tara, ita ce matsalar. Ba ta zama a aji. Malama na tsakiyar bayani za ta miƙe ta leƙa taga, ko ta amsa tambayar da ba a gama yi ba. Shugabar makarantarsu ta Agege ta ce ko su kai ta asibiti a duba ta, ko su nema mata wata makarantar kafin zango ya ƙare. Matarsa Turai ta kai ta. Likita ta ce tana zaton ADHD ce, wato larurar da ke hana mutum tattara hankali da zama wuri ɗaya, amma su dawo tare da uban.

Uban ya ce ba inda za shi. A daren da ya gabata wani ya turo bidiyo zauren WhatsApp na 'yan kasuwa, wani mutum mai farar riga yana cewa bitamin C na taimaka wa masu wannan larura. Bidiyon dogo ne, Abdulgani bai kai ƙarshensa ba, amma ya ji inda ya shafe shi.

"Bitamin C fa, Turai! Abin da nake saukewa tirela-tirela daga Binuwai. Ina da asibitin a rumfata, in je in bi layi?"

Aka fara magani. Lemo da safe, lemo bayan Islamiyya, shida a jakar makaranta. Tururuwa ta tare a ɗakin. Bilkis ta sha iya shanta, sauran ta raba wa 'yan aji, daga nan ta gano cewa idan aka matsa ɓawon a kusa da idon mutum, yakan yi tsalle. Shugabar makaranta ta sake kira. Wannan karon muryarta ba wasa.

"Baban Bilkis," in ji Turai, "gobe ko ka bi mu, ko ka je ka yi wa matar nan bayanin bitamin da bakinka."

Ya zaɓi asibiti. Ya ɗauki leda cike da lemo don likita ta ga shaida.

Likitar Bayarabiya ce da ta tashi a Kaduna, Hausa a bakinta kamar ta Tudun Wada. Ta zaunar da su, ta fara tambaya. Yarinyar tana yawan ɓatar da kaya?

"Kullum," in ji Turai. Abdulgani yana laluben aljihunsa, don bai san inda ya ajiye wayarsa ba.

Tana fara abu ta bar shi ba ta gama ba?

"Sosai."

Tana katse mutane idan suna...

"Likita, wannan sikelin na jarirai kilo nawa yake ɗauka?" in ji Abdulgani. Ya riga ya bar kujerarsa, yana can kusurwa yana danna sikelin da yatsa.

Likita ta dube shi, ta dubi Turai. Turai ta dubi silin.

Da ya dawo ya zauna, ya kawo maganar bidiyon. Likita ta saurara har ya gama. Ta ce lallai akwai masu bincike a kan haka, amma abin da suka samu bai kai a ce magani ba ne. Lemo abinci ne mai kyau, yarinya ta ci gaba da sha daidai misali. Abin da take buƙata shi ne a gama duba ta, a tsara mata yadda za ta yi karatu, in ta kama a haɗa da magani.

"Ai ba a ba shi lokaci ba ne," in ji Abdulgani. "Wata ɗaya kawai muka yi. Irin wannan sai an daɗe ana sha."

"Kamar shekara nawa?" in ji Turai.

"Ko da biyu."

"Likita, mutumin nan tun kafin ya aure ni yake shan lemo, ba ya kasa ashirin a wuni. Ranar sunan yarinyar nan ya tafi Oko-Oba sayen rago, ya dawo da fanka. Bara muka shiga motar danfo tare, ya sauka a Oshodi ya bar ni a ciki."

"Ai na dawo!"

"Ledarka ka dawo nema."

Bilkis, wadda ke ƙarƙashin tebur tana binciken takalmin likita, ta leƙo. "Daddy, har ni ma ka taɓa mantawa a masallaci."

Abdulgani ya dubi ledar lemon da ke cinyarsa. A kasuwa, idan rabin da aka ɗanɗana ya yi tsami, ba a tsayawa musu a kan buhun, kuma ya gane cewa yau shi ne rabin. Ya ɗora ledar a kan tebur a hankali.

"To a duba yarinyar," ya ce. Can kuma ya ƙara da cewa, "Manya fa, ana duba su?"

Likita ta ce ana dubawa, ta sa musu rana ɗaya su biyun.

Makaranta ta bar Bilkis a ajinta. Aka dawo da ita kujerar gaba, nesa da taga, aka ba ta aikin goge allo don ta riƙa samun dalilin miƙewa. An hana ta zuwa da lemo.

Da ranar komawa asibiti ta zo, uba da 'ya duk sun manta. Turai ce ta tsaya a bakin ƙofa da takalmansu a hannu.